Giyar Rage Gudu a Keke Mai Inji: Wacce Ke Daɗewa, Kuma Wane Mai Sayarwa Za a Yarda da Shi?

Tun daga 29 ga Mayu, 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin man fetur a Najeriya, duk mai zirga-zirga ya koma lissafin lita. A cikin masu wannan lissafi akwai waɗanda suka fara tambayar keken da ake ɗaura wa ƙaramin inji: ya fi babur sauƙin kuɗi, ba ya shan mai sosai, in man ya ƙare kuma feda tana nan. Mafi yawan kayan haɗinsa a Sin ake ƙera su, a Amurka kuma akwai ƙananan kamfanoni da suka daɗe suna yi masa giya ta musamman. Mai saye yakan ƙura wa injin ido ya manta da abin da ke tsakanin injin da ƙafar baya, alhali nan ne kuɗin mutane suka fi salwanta. Tambayoyin nan a kan wannan ɓangare suke, da kuma mutumin da zai sayar maka da shi.

Mece ce giyar rage gudu, kuma me ya hana a haɗa inji da ƙafar keke kai tsaye?

Ƙaramin inji sauri gare shi, ba ƙarfin murɗa ba. Honda GXH50 mai 49cc sai ya kai juyi 7,000 a minti yake ba da cikakken ƙarfinsa, wanda bai wuce doki 2 da ɗan ɗoriya ba. Ƙafar keke mai inci 26 kuwa, juyinta ɗaya mita 2 ne da 'yan santimita. In kana tafiyar kilomita 30 a awa, wajen sau 240 kawai take juyawa a minti. Da za a haɗa su kai tsaye, injin ba zai ko motsa keken daga tsaye ba, mutuwa zai yi nan take.

Giyar ita ke karɓar saurin injin ta mayar da shi ƙarfi. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai injin markaɗe ya ga dabarar: ƙaramin fuli a jikin inji, babba a jikin abin niƙan, bel ya haɗa su. In aka rage gudu ninki 20, ƙarfin murɗa yana ƙaruwa kusan ninki 20, ban da ɗan abin da gogayya ta ci. Wannan ƙarfin kuwa ta haƙoran giya da boris da sarƙa yake bi kafin ya isa ƙasa, shi ya sa ƙaramin aibi a wurin ba ya daɗewa a ɓoye.

Yaya zan san ragin da ya dace da kekena?

Ƙidaya haƙora za ka yi. Ɗauki injin nan na Sin da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, wanda ya fi kowane yawa a kasuwa. A cikinsa akwai ƙaramar giya mai haƙora 20 tana juya babba mai 82, ragin farko ke nan, 4.1. Daga nan farantin sarƙa mai haƙora 10 yana jan na ƙafar baya mai 44, ragi na biyu 4.4. Ka ninka su, ka sami kusan 18: inji ya juya sau 18, ƙafa ta juya sau 1. In injin yana juyi 6,000 a minti, ƙafa mai inci 26 za ta yi kilomita 41 a awa a lissafin takarda.

Ga inda mutanenmu ya kamata su lura. An tsara waɗannan lambobi ne da ƙafa mai inci 26 a rai, amma baƙin keken da muka gada, irin su Raleigh da Phoenix, ƙafarsa inci 28 ce. Babbar ƙafa tana ƙara gudu ta rage ja. Da farantin 44 ɗin nan, keken zai nemi kilomita 45 a awa, amma a hawan tudu ko cikin yashi, ko an ɗora buhu a baya, injin zai riƙa nishi kuloci yana cin wuta. In aka sa faranti mai haƙora 56, ragin ya zama kusan 23, gudu ya sauko wajen 35, komai kuma ya huta. Ni dai ga mai ɗaukar kaya ko mai bin hanyar ƙauye, babban faranti nake zaɓa masa, ba na ko shakka. Samari sun fi son mai 36 don gudu, kuma su ne suka fi yawan komawa wurin mai gyara.

Iri nawa ake da su?

Huɗu ne manya. Akwai giyabos na haƙoran ƙarfe a rufe cikin akwati. Wanda ya fi suna a wajen masu wannan sha'awa a Amurka shi ne na kamfanin Staton da ke Oklahoma, mai ragin 18.75, wanda ake ɗaura shi da injin a bisa kariyar baya. Akwai kuma ƙanana masu ragin 3 ko 5 da aka aro daga ƙaramin babur na wasan yara, su ne suka cika shagunan intanet.

Akwai mai sarƙa a ciki, wani lokaci sarƙa biyu a jere. Akwai mai bel: Grubee suna da nasu mai suna 4G da ke aiki da bel mai haƙora, su kuma Golden Eagle na Michigan bel ɗinsu yana tafiya kai tsaye zuwa wani zobe da ake maƙala wa sifok, wato wayoyin ƙafar keke. Na huɗu shi ne mai rola, wanda ba giya ba sarƙa, rolar inji ce ke danne taya tana juya ta. VéloSoleX da aka ƙera a Faransa daga 1946 zuwa 1988 haka yake aiki, a tayar gaba, kuma miliyoyinsa aka sayar. Babu wanda ya kai shi ƙarancin abin lalacewa, sai dai yana santsi da zarar taya ta jiƙe ko ta ɗebo laka, yana kuma cinye taya da wuri. Da rani a kan kwalta ba shi da laifi. Da damina a hanyar burji wahala ce.

To wanne ya fi aminci?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi, kuma mai sayarwa yana son ta, domin amsarta a bakinsa kullum ita ce wanda yake da shi a shago. Gaskiyar magana, sunan irin ba ya tabbatar da komai. Giyabos na haƙora da aka yanka daga ƙarfe mai kyau, aka gasa bayansa ya yi tauri, aka zaunar da shi kan boris biyu a akwatin da ramukansa suka daidaita, zai iya riƙe mutum shekaru. Wani giyabos ɗin, mai kama da shi a hoto, haƙoransa laushi gare su, ramin boris ya karkace da abin da ido ba ya gani, cikin 'yan makonni ya zama garin ƙarfe. Duka biyun giyabos ake kiran su.

Abin da ya fi amfani shi ne ka tambayi yadda kowanne yake lalacewa, da abin da za ka yi in ya lalace. Bel in ya tsinke, tsinkewa kawai yake yi: ka taka feda ka koma gida, ka sa wani. Yana kuma shanye girgizar inji, ba ya son mai, ba ya ƙara. Amma sai in ana samun girmansa a kusa da kai. Sarƙa tana miƙewa a hankali, tana ba ka labari da ƙara tun kafin ta yanke, kuma kowane mai gyaran keke ya san ta. Sai dai siririyar sarƙar da ake sa wa a ragin farko, inda juyi ya fi tsanani, ba ta jure zafi da ƙura. Haƙori kuwa in ya karye a cikin akwati, guntun yana iya shiga tsakanin sauran ya ƙulle komai, kuma ba a gyara shi a bakin hanya.

Saboda haka, in giyabos ne na ƙwarai da ka tabbatar da asalinsa, shi ne kan gaba wajen daɗewa. In kuwa tsakanin masu araha biyu kake zaɓe, ɗauki mai bel, domin ɓarnarsa ƙarama ce kuma a fili take.

Mene ne ya fi saurin mutuwa a cikinta?

Sau da yawa ba haƙoran ba ne. Na farko kuloci ne da kwanonsa. Ƙananan injuna masu baƙin mai daban suna amfani da kulocin da ke kamawa da kansa: in juyi ya hau, takalmansa su buɗe su riƙe kwanon. Kafin ya gama kamawa zamewa yake yi, zamewa kuma zafi ce. Mai tayar da keke daga tsaye da totur kawai, ko mai tafiyar hawainiya cikin cunkoso da ɗan totur, dafa kulocinsa yake yi. A wasu nau'o'in kwanon yana zaune ne kan bushin na tagulla da ke bukatar ɗigon mai lokaci-lokaci. In ya bushe sai ya cinye, kwanon ya fara rawa, rawar ta bi ta kashe abin da ke gabanta.

Na biyu shi ne boris mai juyawa hanya ɗaya, ko firiwil, wanda ke barin keke ya gangara ba tare da ya ja injin ba. An yi firiwil ɗin keke ne don ƙafar ɗan Adam, ba don bugun inji dubbai a minti ba, kuma mai araha ba ya jurewa. Alamarsa ita ce inji ya yi ta kuka keke bai tafi ba. Na uku ɗan ƙarfen nan ne da ake kira ki, mai riƙe giya a kan sanda. In noti ya saki, sai giyar ta riƙa bugunsa har ta yanke shi, wani lokaci ta ɓata ramin sandar ma.

Sai boris. Arha gare shi, amma shi ke riƙe haƙora a mazauninsu. Ya mutu, su ma sun bi shi. Alherin da ke nan shi ne boris lamba gare shi ta duniya. In an rubuta 6202, ramin ciki milimita 15 ne, faɗin waje 35, kauri 11, ko a Kano ko a Guangzhou. In ka ga 2RS a ƙarshen lambar, rufin roba ne gefe biyu, shi ya fi dacewa da ƙurar hunturu fiye da mai rufin ƙarfe da ake rubuta wa ZZ.

Tawa tana kuka kamar jiniya. Lalacewa ce?

Ba dole ba. Haƙoran da aka yanka a miƙe suna kuka ko da lafiyarsu ƙalau, waɗanda aka yanka a karkace sun fi shiru. Kukan da bai canja ba tun ranar farko ba abin tsoro ba ne. Wanda za ka tsaya dominsa shi ne sabon sauti: gurnani, ƙwanƙwasa mai bin juyi, ko akwati ya yi zafin da hannu ba zai iya daɗewa a kai ba. Buɗe ka duba man. In yana ƙyalli da ɓurɓushin ƙarfe, ciki yana cin kansa.

Giris zan sa ko man giya?

Abin da maƙerin ya ce. Akwatin da aka yi don giris ba shi da abin tare mai, in ka zuba man giya zai yoyo, in ya kai kuloci kuma zamewa ta zo. A injin Sin mai haƙora 20 da 82 ɗin nan, ɗan giris kamar ƙwayar gyaɗa ya isa, domin kulocin busasshe ne kuma a wuri ɗaya suke. Bel ba a sa masa komai. Ka buɗe sabon giyabos kafin ka ɗaura, kada ka ɗauka an sa masa mai daga masana'anta.

Kowace giya tana shiga kowane inji?

A'a, kuma nan mutane da yawa suke asara ba tare da an cuce su ba. Huasheng 142F, wanda aka kwaikwayo daga Honda GXH50, yana zuwa da sanda iri biyu, miƙaƙƙiya da mai tsini, kuma kulocin ɗaya ba ya hawa ɗayar. Honda GX35 kuma da kulocinsa yake zuwa, irin na injin yankan ciyawa, giyarsa daban ce. Kafin ka biya, ka auna kaurin sandar injinka, ka ɗauki hotonta da na ramukan kusoshi, ka sa mai sayarwa ya tabbatar a rubuce cewa za ta hau.

Ina da injin ban-ruwa a ajiye. In ɗaura shi?

Ban ba ka shawara ba. Honda GX160 da ire-irensa nauyinsu wajen kilo 15 ne, alhali GXH50 kilo 5 da rabi ne. Ƙarfinsu ya ninka abin da aka yi waɗannan ƙananan giyoyi dominsa, kuma firam da sifok da birkin keke ba a yi su don haka ba. Wanda ke bukatar irin wannan ƙarfi babur yake bukata.

An ce mini injin 80cc ne. Haka ne?

Galibin waɗanda ake sayarwa da wannan suna, faɗin silindarsu milimita 47 ne, tafiyar fistin kuma 38 ko 40. In aka lissafa, 66cc ne ko 69cc. Sunan ya bi kasuwa har ya zauna, kuma ba kowane mai shago ne ya san haka ba, don haka kada ka yi saurin kiransa maƙaryaci. Amma tambaya ce mai kyau ta gwaji. Wanda ya ce maka, "Haka ake kiransa, amma ainihinsa 66 ne," ya san kayansa kuma bai ji tsoron faɗar abin da zai rage musu kwarjini ba. Wanda ya rantse 80 ne cif, ko dai bai sani ba ko bai damu ba, kuma haka zai yi maka a kan giyar.

Yaya zan gane mai sayarwar da za a yarda da shi?

Da lamba, ba da daɗin baki ba. "Orijina ce", "ba ta da matsala", "kowa ita yake saya", duk waɗannan ba a iya auna su. Tambaye shi abin da ake ƙidayawa. Ragin nawa ne, haƙora nawa da nawa? Boris wace lamba? Bel ɗin mene ne a rubuce a bayansa? Bel mai haƙora yana ɗauke da rubutu irin 5M, wato tazarar haƙoransa milimita 5, tare da tsawonsa da faɗinsa, kuma da wannan rubutu za ka neme shi a ko'ina. Sarƙar mai kauri ce, mai lamba 415, ko siririya ce? Giris ake sa wa ko mai, kuma bayan tafiya nawa? In bai sani ba amma ya ce bari ya buɗe ku gani tare, wannan mutumin kirki ne. In ya fara fushi, ko ya ce tambayarka ta yi yawa, ka riƙe kuɗinka.

Tambayar da ta fi duka nauyi a wurina ita ce: "In kuloci ko bel ko ƙaramar giyar ta lalace, kana sayar da ita ita kaɗai?" Mai ajiye kayan gyara ya shirya zama a sana'ar, ya kuma san cewa za ka dawo. Wanda ya ce sai dai ka sayi sabon saiti gaba ɗaya, lalacewar kayanka riba ce gare shi.

Sai ka tambaye shi aibinta. Babu giyar da ba ta da inda take gazawa, kuma wanda ya daɗe yana sayar da ita ya san wurin, domin masu ƙorafi sun sha zuwa masa. In ya ce, "Bushin ɗinta yana son mai duk mako, in ka manta za ta ba ka kunya," ya ba ka abin da ya fi garanti. Daga ƙarshe ka nemi ya haɗa ka da wanda ya saya ya yi wata shida yana hawa, ko ka je wurin masu gyaran babur na unguwar shagon ka ji ta bakinsu. Su ne ke ganin kayan bayan fenti ya goge.

In a shago nake, me zan duba da hannuna?

Ka sa a cire murfin, gani ya kori ji. Riƙe giya ɗaya ka motsa ɗayar: ɗan wasa kaɗan tsakanin haƙora dole ne, amma kada ya yi yawa har ka ji ƙwas-ƙwas, kada kuma a rasa shi sam. Juya sandar a hankali zagaye cikakke. In tana sauƙi a wani wuri tana ɗaurewa a wani, wani abu bai zauna a tsakiya ba, kuma ba zai gyaru da tafiya ba. Girgiza sandar fita sama da ƙasa, bai kamata ta motsa ba. In mai shago ya yarda, goga magagari a gefen haƙori inda ba ya haɗuwa da ɗan'uwansa: a kan ƙarfe gasasshe zamewa zai yi, a kan mai laushi zai ci. Duba kunnuwan akwatin inda kusoshi ke shiga, domin alminiyom ɗin da aka zuba da ƙananan ramuka a jikinsa a nan yake tsagewa. Mai bel kuma ka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a gefen fuli biyun ka ga ko suna layi ɗaya.

A intanet fa, inda ba na iya taɓawa?

Hoto ɗaya shaguna da yawa suke amfani da shi, don haka hoto ba shaida ba ne. Nemi bidiyon ainihin kayan, murfi a buɗe, ana juya sandar, da takarda a gefe mai sunanka da kwanan wata. Wajen karanta ra'ayoyin masu saye, wuce masu yabon da aka rubuta ranar da kaya suka iso, domin kwali suke yabo. Nemi waɗanda suka dawo bayan watanni, ka kuma karanta masu ƙorafi da kyau. In mutane daban-daban suna kuka da abu guda, misali firiwil, to aibin a ƙirar yake. Duba kuma yadda shagon yake amsa musu.

Biyan kuɗi ya tsaya a cikin dandalin. AliExpress da Alibaba suna da tsarin kare mai saye da wa'adin shigar da ƙorafi, amma da zarar ka yarda aka ja ka WhatsApp ka tura kuɗi ta banki don a yi maka rangwame, ka fita daga inuwarsu. Kada ka danna cewa ka karɓi kaya lafiya sai ka buɗe ka duba, kuma ka ɗauki bidiyo tun daga yanke kwalin. Jiji kuwa wurin talla ne kawai, su da kansu suna gargaɗin kada a biya kafin a ga kaya. Mai neman kafin alƙalami daga wani gari, ba shago ba wanda ya san shi, ka bar shi. Ka lissafa kuɗin jigila da na kwastan tun farko, ka kuma sani cewa mayar da giyabos zuwa Sin yakan fi kuɗinsa tsada, don haka ka sa bel ko kuloci na ajiya a cikin odar.

Ta lalace, ya ce ni na ɗaura ba daidai ba. Wa ke da gaskiya?

Wani lokaci shi ne, kuma adalci ne a faɗa. Sarƙar da aka ɗaure tamau tana kashe boris na sandar fita. Injin da ya karkace a firam yana sa bel ya hau gefen fuli ya cinye. Kwanon kuloci da ya koma shuɗi shaidar zafi ce, galibi daga hannun mahayi. Amma haƙoran da suka lanƙwashe ko suka goge cikin kwanaki alhali da giris a jikinsu, ko akwatin da ya tsage ba faɗuwa, ko sandar da ta zo a karkace, wannan aibin ƙira ne.

Don kada a kai ga musu, a yi magana tun ranar ciniki a kuma rubuta a rasit: garantin kwana nawa ne, me ya ƙunsa, canji ne ko gyara ko mayar da kuɗi, wa zai ɗaura. In shagon yana da makanikinsa, bari shi ya ɗaura, hujjar ta faɗi ke nan. Mayar da kaya saboda aibin da aka ɓoye ba rashin kunya ba ne. Malaman fiƙihu sun daɗe da tabbatar wa mai saye wannan zaɓi, kuma a Najeriya dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba shi haƙƙin mayar da kaya masu aibi. Kafin a kai can, shugabannin kasuwa sukan warware irin wannan in da rasit a hannu.

Ya dace in kashe kuɗi mai yawa in sayo ta Amurka?

Siyan nagari mayar da kuɗi gida, amma nagari a nan ya haɗa da abin da za ka iya gyarawa a garinku. Giyabos mai tsada da ƙaramar giyarsa sai an jira ta wata biyu daga ƙetare zai iya ajiye maka keke fiye da mai araha. Wanda zai sayo irin wannan ya haɗo da kayan ajiya tun farko. Akwai kuma hanya ta uku da nake ganin ba a ba ta haƙƙinta ba: sandar tsakiya mai boris biyu, fuli a gefe ɗaya farantin sarƙa a ɗayan. Ƙwararren mai walda da mai injin sassaƙa ƙarfe za su iya haɗa ta da boris da bel da sarƙar da ake samu a kasuwannin kayan gyara irin su Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Sharaɗinta daidaiton layi da murfin da zai kare ƙafa da bakin riga, musamman ga mai sa doguwar riga. Boris na jabu mai ɗauke da sunan manyan kamfanoni yana yawo, don haka shi ma a saye shi wurin wanda aka sani.

Ban da giyar, akwai abin da zai iya jefa ni cikin haɗari?

Abu uku. Farantin baya da ake matse shi a kan sifok da roba da kusoshi 9 yana da wuyar zama a tsakiya. In ya karkace, sarƙa tana ɗaurewa tana saki a kowane juyi, wannan fizgar kuma tana komawa har cikin giyabos, tana kuma karya sifok. Mariƙin da ke kama hob ɗin kansa, wato cibiyar ƙafar, ya fi, sifok masu kauri kuma sun cancanci kuɗinsu. Na biyu, 'yar rolar da ke ɗaga sarƙa, wadda ake maƙala wa ƙarfen firam na ƙasa: in ta juya ta shiga sifok, ƙafar baya tana ƙullewa nan take. A ɗaure ta yadda ba za ta iya juyawa ba, a kuma duba ta kullum. Na uku birki. Birkin sanda na baƙin keke ba a yi shi don kilomita 40 a awa ba, in rim ya jiƙe kuma kusan babu shi. Wanda bai gyara birki ba kada ya ɗaura inji, kuma hular kwano ba ta masu babur kaɗai ba ce.

Na ɗaura. Me zan yi a makonnin farko?

Kullum ka fara da feda har keke ya ɗauki tafiya kafin ka murɗa totur. Kada ka ƙure gudu, kada ka ɗora kaya mai nauyi sai inji da giya sun zauna. Bayan kowace fita ka bi kusoshi da sifana, musamman na mazaunin inji da na giyar, domin girgiza tana kwance su. Maganin kulle kusa mai ruwan shuɗi, irin Loctite 243, yana taimakawa. Sabuwar sarƙa tana miƙewa da wuri: juya ƙafar ka nemo inda ta fi ɗaurewa, a nan ka bar mata wasan kamar santimita 1 zuwa 1 da rabi. Taɓa akwatin bayan tafiya don ka san zafinsa na yau da kullum. Kafin wa'adin garanti ya cika, buɗe murfin, goge tsohon giris a farin ƙyalle ka duba shi a rana, ka ɗauki hoton haƙoran. In akwai ɓurɓushin ƙarfe ko gefen haƙori ya fara lanƙwasa, ka kai wa mai shagon a ranar, da rasit ɗinka.